Yadda ake kafa kofar gareji mai falle-falle da ke tashi sama, da yadda za'a zauna da ita lafiya

Jama'a duk wanda yake zagaya sabbin unguwanni a Abuja ko Kano ko Kaduna ya san an fara yayin kofar garejin nan mai falle-falle, wadda in an danna rimot take mikewa sama ta lankwasa ta je ta kwanta a karkashin silin. Daban take da kofar shago da ake nadewa, ita wannan fallaye ne hudu ko biyar a kwance daya bisa daya, an hada su da hinji, kowanne da 'yan tayoyi a gefe suna bin reli. Kofa ce mai kyau gaskiya, bata cin fili a waje, zaka iya ajiye mota dab da ita kuma ta bude, tana tare kura, in mai soso ce a ciki har zafi tana ragewa. Amma abinda yake damuna shine yadda ake mika aikinta ga duk wanda ya iya walda ko hada get, alhali aikin ba daya bane, kuma in aka yi kuskure ba kudi kadai ake asara ba, yatsu ne da hakora da ran yara.

Abu na farko da nake so kowa ya rike kafin ma a kwance kwali: ba injin bane yake daga kofar nan. Sifirin ne. Kofar mota daya takan kai kilo 60 ko fiye, ta mota biyu mai kauri tana iya wuce kilo 150, duk nauyin nan sifirin din da ke zagaye da dogon bututun karfe a saman kofa shi yake dauke da shi. A karshen bututun dama da hagu akwai durom, igiyar karfe ta taso daga kasan kofa tana nannaduwa a jikinsa, in kofa ta sauko sifirin ya kara matsuwa, in zata tashi ya saki karfin da ya tara. Injin aikinsa ya ja ya tura kawai. Tun asali ma haka abin ya zo, C.G. Johnson a Amurka ya kirkiro kofar mai tashi sama a 1921, injin lantarkin sai a 1926 ya biyo baya. Duk wanda ya gane wannan to rabin matsalar ya kauce mata.

Toh mu fara da awo, kuma kafin a biya kudin kofa ake yinsa ba bayan ta iso ba. Ka auna fadin bakin kofa da tsayinsa, fadin a sama da tsakiya da kasa dan sau dayawa magina basa fitar da fila a mike. Sannan ka auna abinda mutane suke mantawa, wato tsakanin kasan linta zuwa silin. Kofa ta gama-gari tana son wajen kafa daya a nan, santimita 30 kenan, in za'a sa inji a kara inci biyu ko uku. In babu wannan filin akwai kayan hadi na musamman na gajeren sama, amma dole a fada wa mai sayarwa tun farko. Gefe da gefe a bar akalla inci 4 na bango a ciki inda relin tsaye zai zauna. Zurfin garejin kuma ya kai tsayin kofar da karin inci 18, in da inji a lissafa karin wajen kafa 4. Ka daga kai ka duba hanyar da kofar zata kwanta, babu fanka, babu fitila mai lilo, babu bim da ya sauko, babu bututun ruwa.

Yanzu ga inda namu ginin ya bambanta da na wadanda suka rubuta takardar da ke cikin kwalin. Takardun kofofin Amurka da katako suke magana dan gidajensu na katako ne, mu kuma bulo ne da siminti. Bulon mu mai rami ne a ciki, wani ma in ka murza shi da yatsa yashi ne yake zuba, in ka daure reli a jikinsa da fisha ta roba yau zai rike gobe zai rike, amma kofar nan kullum jijjiga take, wata rana zai saki. Abinda ya dace shine fila ta kankare a kowane gefe da linta ta kankare a sama, a huda a sa bol mai budewa a cikin siminti. In an riga an gama gini babu fila, to a kafa firam na karfe mai kauri a daure shi da kyau a kasa da linta, sannan a dora kofar a jikinsa. Wurin da yafi kowanne muhimmanci shine karfen tsakiya da yake rike sifirin, dan duk karfin nadin a kansa yake tokare. Wannan kam ba'a yarda ya zauna a bulo ko filasta ba ko kadan, kankare zalla. Haka bayan reli na kwance, ba'a rataye shi a silin na POP ko PVC ko sililin katako, sai an sa karfen angul an kama dekin ko babban karfen rufi, a hada shi kusurwa uku yadda bazai yi lilo ba.

Dabe shima a duba. A sa tiyon ruwa irin na magina a ga ko bakin kofar a kwance yake daidai. In gefe daya ya fi tudu, fallen farko zai karkace, kuma duk abinda aka dora a kansa a karkace zai tafi. Kuma a ba daben dan gangare zuwa waje saboda damina.

Wajen saye, a kula da abu uku zuwa hudu. Sifirin ana lissafa shi ne da nauyi da tsayin kofar da aka yi shi dominta, dan haka kar a yarda a hada fallayen wani kamfani da sifirin din da aka tsinto a wani wuri. Injin kuma a duba wutar da yake sha, namu a Najeriya da Nijar da Ghana 220 zuwa 230 ne, amma injinan da ake sayarwa a kasuwar Amurka irin su Chamberlain da LiftMaster na can 120 ne, in aka shigo da na hannu aka jona kai tsaye nan take zai kone. Na Turai irin Hörmann na Jamus ko Somfy na Faransa ko Nice na Italiya wutarsu daya da tamu. A nemi fallen da aka kera bakinsa yadda baya cin yatsa in yana rufuwa, wannan a gidan da akwai yara ni a ganina ba abin ciniki bane. Sai launi, in kofar tana kallon rana musamman yamma, a guji baki da ruwan kasa mai duhu a kofa mai soso, saboda karfen waje yana daukar zafi ya mike na ciki bai mike ba sai fallen ya dan bankare, ranar Maris da Afrilu a arewa ba wasa bace.

Kayan aiki: tsani mai kafa hudu guda biyu, filam na duba daidaito, tef, injin huda kankare, sifanoni, filaya mai kulle guda biyu ko uku, gilashin kare ido, safar hannu, alli, da sandunan nadin sifirin guda biyu. Mutum biyu akalla, uku yafi. A kori yara daga wurin gaba daya, a fitar da mota.

Ana farawa da fallen kasa. A kwantar da shi kan benci ko katako mai tsumma kar ya karce, a sa masa robar kasa, a daura karafan kusurwar kasa dama da hagu wadanda igiyar karfe take makalewa a jikinsu, a makala igiyoyin tun yanzu, a sa hinjin sama. Hinjin gefe akwai lamba a jikinsu, 1, 2, 3, ba ado bane, kowanne yana nisanta tayar da kofa fiye da na kasansa kadan, saboda relin tsaye ba a mike dodar yake ba, ya dan jingina baya ne dan kofa ta matse da bango sai ta zo rufuwa, ta kuma rabu da shi da zarar ta fara tashi. Lamba 1 tsakanin falle na daya da na biyu, lamba 2 na gaba, haka har sama. In aka hargitsa su kofa zata rika gogar bango ko ta bar kafa.

A tsayar da fallen a tsakiyar bakin kofa, a dora filam a kansa, in bai daidaita ba a cusa dan abu a karkashin gefen da ya yi kasa har sai ya zauna. Kar a wuce nan sai ya zauna, ko awa daya zai ci. Daga nan a zura tayoyi, a kawo relin tsaye a sako shi kan tayoyin, a daure da bango amma kar a matse noti tukuna. Kan relin dama da na hagu dole tsayinsu ya zo daya, a auna da tiyon ruwa. Sai a cigaba da dora falle na biyu da na uku, kowanne a sa taya a hada hinji kafin a dauko na gaba, wani yana rike kar iska ta turo shi. Wasu kofofin Turai suna zuwa da nasu firam na karfe wanda shi ake fara kafawa gaba daya sannan a zuba fallayen, to a nan takardar kamfani ita za'a bi, tsarin dai daya ne. In an kai fallen sama sai a hada relin mai lankwasa da na kwance, a tallafe bayansa da tsani ko igiya na wucin gadi. A auna daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye, awon biyu su zo daya, tazarar relin biyu a baya ta zama daidai da ta gaba. In baya ya fi fadi taya zata iya fita kofa ta rufto daga sama, in ya fi matsewa zata rika cijewa. A karshen kowane reli a sa bol da zai hana taya ficewa ta baya.

Sai bututun sama. A zura sifirin da durom a jikinsa a kasa, sannan a daga shi a dora. Akwai na dama akwai na hagu, a duba alamar L da R, a kofofin tsarin Amurka mai jan fenti yana zama hagu, mai bakin fenti dama, in kana tsaye cikin garejin kana kallon kofa. A ja igiyar karfe ta bayan tayoyi zuwa durom, a makala ta a gurbinta, a juya durom har ta mike ta zauna a cikin layinta, a matse sukurorinsa, a kama bututun da filaya mai kulle a tokare da bango kar ya juya baya, sannan a yi daya gefen. Igiyoyin biyu tsaurinsu ya zo daya, in daya ta fi sako-sako kofa zata tashi a karkace.

Toh nan ne wurin da nake so a tsaya a saurare ni. Nadin sifirin. Shawarata ta gaskiya ita ce in baka taba yi a gaban wanda ya iya ba, ka yi duk sauran aikin in kana so amma wannan ka kira wanda sana'arsa ce, ka biya shi. Sifirin da aka nada tamkar baka ne da aka ja aka dana kibiya, in ya kubuce duk abinda yake cikin ramin da ake zura sandar nadi zai harbo shi da karfin da zai daga kofa mai kilo dari, kuma a daidai fuskarka kake aikin kana kan tsani. Ina bayanin yadda ake yi ne dan maigida ya san abinda zai sa ido a kai, ya kuma gane in wanda ya kawo bai san aikin ba.

Alama ta farko, in kaga ya dauko sukudireba ko guntun rodi ko sifana zai zura a ramin nadin, ka dakatar da shi. Sandunan nadi karfe ne mai santsi da ya cika ramin daf, yawanci kaurin rabin inci tsayin inci 18, rodi kuwa jikinsa ba santsi baya zama, sukudireba kuma siriri ne yana zamewa. Kafin a fara kofa tana rufe, an kama reli da filaya mai kulle a saman taya daya dan kar kofar ta zabura sama. A ja layi da alli a tsawon sifirin, yayin da ake nadi layin zai rika zama zobe-zobe, da shi ake kirga zagaye. Mai nadin ya sa gilashi, ya kafa tsaninsa a gefe yadda kansa da kirjinsa basa kan hanyar sanda. Ya zura sanda ta farko har ta tabo karshe, ya daga sama kwatan zagaye, ya zura ta biyu a ramin kasa har karshe, sai ta karbi nauyin sannan ya zare ta farko. Ko da dakika daya ba'a barin wurin babu sanda a ciki. Haka kwata-kwata har a cika adadin da kamfani ya rubuta, yawanci yana jikin takardar da aka lika a sifirin ko a kofar. A kofa mai tsayin kafa 7 da durom na inci 4 abin yana zuwa wajen zagaye bakwai da rabi, kwata 30 kenan, amma abinda kamfanin kofarka ya rubuta shi ne magana. In an gama a matse sukurorin kan nadin a jikin bututu, sannan a hankali a sassauta sanda a ji ya rike kafin a zare. In sifirin biyu ne a yi wa na biyun adadi daya da na farko.

Akwai kananan kofofi masu sifirin mai mikewa a gefen reli maimakon na sama. Irin wannan dole a zura wata igiyar karfe ta cikinsa a daure ta gaba da baya, dan ranar da ya tsinke kar ya tashi ya fasa gilashin mota ko kan mutum.

Daga lokacin da aka nada sifirin, karafan kusurwar kasan nan da igiya take jiki sun zama haramtattu. Kamfanoni dayawa har jan fenti suke sa wa notinansu ko su lika gargadi. Kar wanda ya kwance su, kar mai fenti, kar mai tayil, kar kowa.

Yanzu gwaji, kuma kafin a jona inji ake yi. Mutum ya rike kofa, a cire filayoyin, a daga ta a hankali zuwa kugu a saki. Kofar da aka daidaita zata tsaya a nan ko ta dan motsa kadan ta tsaya. In ta fado nadi bai isa ba, in ta gudu sama ya yi yawa, a gyara da kwata daya-daya. Karon farko a daga ta rabi kawai a duba tayoyi suna cikin reli, a kammala daure angul na baya, sannan a bude ta duka. Ya kamata babban mutum ya daga ta da hannu daya ba tare da nishi ba. In sai mutum biyu sun taru, to ba'a gama aiki ba, kuma kar wani ya ce maka ai injin zai ja, injin zai ja din na wani lokaci sannan giyarsa ta cinye ko ya yage fallen sama.

Wajen sa inji, a cire sakata da makullin hannu ko a kashe su yadda bazasu shiga ba, a cire duk wata igiyar jan kofa da hannu da ke lilo. Karfen da relin injin yake kamawa a tsakiyar linta zai zauna, kamar inci biyu sama da inda kan kofa yake kaiwa in tana lankwasawa, shima a kankare. Fallen sama a kara masa karfen tallafi in kamfani ya ce. Kan injin ya yi sama da kafa 7 daga kasa. A ja masa soket nasa mai waya ta uku ta kasa, a sa masa abin kare hawa da saukar wuta, dan allon cikinsa baya jure irin wutar da ake kawo mana. Madannin bango a sa shi inda kana dannawa kana ganin kofa, kuma tsayinsa akalla kafa 5, mita daya da rabi, inda hannun yaro baya kaiwa.

Sai idanun nan guda biyu, sensa, daya yana aika haske daya yana karba, in wani abu ya gitta kofa tana sauka sai ta koma sama. Na san ana barinsu a kwali, ko a daure su waje daya suna kallon juna a saman injin dan a huta da matsalarsu. Dan Allah kar a yi. A Amurka yara ne suka rika mutuwa a karkashin kofofin nan, yaro ya danna ya ruga zai wuce kofa ta danne masa kirji, shi yasa majalisarsu ta yi doka a 1990, kuma daga 1 ga Janairun 1993 duk injin da aka kera dan gidaje sai yana da kariya ta biyu irin wannan bayan komawar da yake yi in ya taba abu. Mu da gidajenmu suke cike da yara, namu da na makota da almajirai masu shigowa aike, mun fi kowa bukatarsu. A kafa su a gefen reli kasa-kasa, kar su wuce inci 6 daga dabe, santimita 15, dan su ga yaro mai rarrafe ko wanda ya fadi. Wanda yake karbar hasken a sa shi bangaren da rana bata haska shi kai tsaye.

Bayan an saita inda kofa zata tsaya sama da kasa, a yi gwaji biyu. A kwantar da katako mai kaurin inci daya da rabi zuwa biyu a dabe a tsakiyar kofa a danna rufewa, tana taba shi dole ta koma sama. Sannan tana sauka a gitta sandar tsintsiya ko kwali a gaban sensa, dole ta koma. In ta fadi ko daya a cikin biyun, a cire injin daga wuta a rika budewa da hannu har a gyara. Kuma kar a kara karfin injin dan kofa tana cijewa, a nemo abinda yake cije ta. Wannan gwajin duk wata ake maimaita shi, minti biyu ne.

Maganar dauke wuta kuwa ba sai na fada wa kowa ba. Akwai jar igiya da take lilo daga relin inji, in ka ja ta kofa ta rabu da inji sai ka daga da hannu. Marikinta ya tsaya wajen kafa 6 daga kasa dan kowane babba ya kai, kuma kowa a gidan ya san ta, uwargida da maigadi da direba da 'yan aiki. A ja ta lokacin da kofa take rufe, in a bude take kuma sifirin ya yi rauni ko ya karye zata fado da dukkan nauyinta. In garejin bashi da wata kofar shiga ta cikin gida, dole ne a sa makullin sakin gaggawa na waje, in ba haka ba ranar da babu wuta motarka tana ciki kai kana waje. In da hali a sayi inji mai batir ko a jona shi layin inbata. A jihar Kalifoniya ta Amurka bayan gobarar dajin 2017, inda wasu mutane yawanci tsofaffi suka rasu dan wuta ta dauke sun kasa daga kofar gareji su fitar da mota, doka suka yi cewa daga Yulin 2019 duk injin da za'a sa sai mai batir.

Zaman yau da kullum abu ne mai sauki in an saba. Kar a danna rimot sai ana ganin kofar, a tsaya har ta gama rufuwa kafin a ja mota a tafi. Ba'a bi ta karkashinta tana tafiya, ba da kafa ba ba da mota ba. In za'a rufe da hannu a kama marikin da aka yi dan haka, ba'a zura yatsu tsakanin fallaye. Rimot ba abin wasan yara bane, a ajiye shi nesa, dan batirin cikinsa ma mai kama da kwabo in yaro ya hadiye yana kona makogwaro. A gaya wa yara karara ba'a lilo a jikin kofa, ba'a tsere da ita. Wani abu kuma da ya shafi kofar nan musamman saboda tana rufe wuri ruf da roba ta ko'ina: kar a tada janareta a cikin gareji, kar a bar mota tana aiki a ciki, ko da an dan daga kofar. Gubar da ke cikin hayakin nan bata da wari, kuma in garejin yana hade da gida har dakunan kwana take shiga, mun sha jin iyali guda sun kwanta basu tashi ba saboda janareta.

Kula da ita a kasarmu yawanci fada ne da kura. Lokacin hunturu a rika goge idon sensa da busasshen tsumma mai laushi, in kaga kofa ta ki rufuwa fitilar inji tana kiftawa to sau dayawa kura ce ko yanar gizo ko wani ya bugi sensar da tsintsiya ta kauce. Cikin reli gogewa ake yi kawai, ba'a shafa masa giris, giris da kura in sun hadu laka suke zama su rike taya. Mai ana sa wa hinji da bodin taya da jikin sifirin ne, dan kadan, na fesawa mai silikon ko farin giris, kamar sau biyu a shekara, bayan hunturu da bayan damina. Bakin mai na mota a bar shi. A rika kallon igiyar karfe musamman can kasa inda ruwa yake taba ta, in kaga tsatsa ko silin waya ya fara tsinkewa ya yi gashi, a daina amfani da kofar a kira mai gyara, kar a taba da hannu. A bi notina a matse wadanda jijjiga ta sassauta, banda masu jan fenti. Robar kasa in ta bushe ta tsage a canza, ita take hana ruwa da bera da kunama shigowa. In hadari ya taso da iskar farkon damina a rufe kofar duka, kar a barta rabi.

Sifirin kuma yana da kwanansa. Na gama-gari ana kera shi ne ya yi budewa da rufewa wajen sau 10,000, in gidanka ana yi sau hudu a rana shekara bakwai kenan ko kasa da haka, in wurin kasuwanci ne ko sito da ake shige da fice a nemi mai yawan zagaye tun wajen saye. Ranar da ya karye za'a ji kara mai karfi daga gareji, in ka daga kai zakaga ya rabu biyu da tazara a tsakani, igiyoyin gefe sun saki. Kar a danna inji, kar a tara samari a ce a daga da karfi a tokare da katako a fitar da mota. A cire filogi, a bar kofar a rufe, a kira mai aikin, ya auna kaurin wayar sifirin da fadinsa da tsayinsa ya kawo irinsa sak. In biyu ne a kan bututun a canza su duka lokaci daya tunda tare suka yi aiki, sannan a sake gwajin kugu da gwajin katako kafin a mayar da inji.